Uwar Garke

A tasha na karɓo ta, saƙon Kano,
cikin kwalin da ya fi ta nauyi.
Dijatu ta leƙo ta kafaɗata ta ce,
"Kuɗin buhun masara ke nan?
Ko tafin hannuna ba ta cika ba."

Ɗan allo ne kore, tsirara,
hanyoyinsa sirara kamar lungunan Herwagana.
Ba fuska, ba madannai, ba fanka.
Na zuba Linuks a katin da bai kai farcena ba,
na cusa, na ba ta wuta, na tanƙwashe ƙafa.

Shiru.
Jar fitila ta tsaya ƙyam tana kallona.
Sau uku ina wanke katin ina sake zubi,
na zagi mai sayarwa har kakansa,
ashe cajata ce mai rowa.

Da na canza, sai rubutu ya ɓalle a tsohuwar talabijin,
fari a kan baƙi, layi bisa layi,
kamar tururuwa sun ji sukari.
Ta nemi kalmar sirri. Na buga, ba ta nuna ko ɗigo ba.
Na ce, to, wannan za a iya ba ta ajiya.

Amma ba ta da kara.
Ka ci harafi ɗaya, ta maido maka da maganarka.
Ka ce ta share, ba ta cewa "Ka tabbata?"
Tun daga nan nake tauna magana kafin in furta,
har Dijatu ta ce na yi hankali.

Daren Laraba, tana tsakiyar sabunta kanta,
aka ɗauke wutar Pantami.
Da safe ta manta sunanta, ta manta nawa.
Aikin kwana tara.
Na sayo batir a Bolari, na ɗora sola kan kwano,
na huda gwangwanin madara na yi mata ɗaki
kusa da randa, saboda zafin Afrilu.

Bappa yana kan tabarma duk wannan bidiri.
Shekara shida da barinsa Dukku,
tun da aka kora na ƙarshe zuwa kara.
Bai cika tambaya ba. Ranar ya tambaya.
"Me ake ce wa abin?"
Na ce, "Uwar garke."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Ina garken?"

Na nuna masa: wayoyi goma sha ɗaya a gidan nan,
duk wurinta suke komowa da yamma.
Hotunan sunan Jalo, takardun fili,
karatun yara, lissafin shagon Manu.
Ko data ta ƙare, tana nan.
Ba a ajiye mana su a ƙasar da ba mu san sunanta ba.

Ya daɗe yana duban gwangwanin.
Ya ce, "Uwar garke ba ta fi kowa girma ba.
Ita ce dai wadda in ta tsaya, a tsaya.
Tana riƙe murya?"

Na miƙa masa waya. Ya gyara zama, ya rufe ido,
ya kira su ɗaya bayan ɗaya:
Wule, Saige, Nyale mai karyayyen ƙaho,
Fure da ta haihu a bakin kogi ana ruwa,
wace ta haifi wace, wace aka sayar a wace shekara.
Arba'in da bakwai. Bai tsallake ko maraƙi ba.

Na buɗe musu wuri, na rubuta "ruga",
da ƙananan baƙaƙe, don haka ta fi so.

Yanzu in na fito tsakar dare
nakan ga koriyar fitilar tana ƙifta ido gefen randa.
Jiya na tarar da Bappa a tsugune gabanta,
ya ɗora bayan hannu a kan gwangwanin.
Ya ce, "Jikinta da ɗumi."
Na ce, "Haka take."
Ya ce, "Ka dai riƙa dubawa."